Haɗarin Sauka a Filayen Ciyawa: Tarihin Ƙananan Jiragen Sama a Afirka, 1919 zuwa 1954

Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 1928, wani ƙaramin jirgin sama mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya ɓullo a sararin samaniyar garin Tabora da ke tsakiyar ƙasar Tanganika, wato Tanzaniya ta yau. Mace ce ita kaɗai a cikinsa, sunanta Mary Bailey, mai shekara 37 a duniya, uwar 'ya'ya biyar. Wata guda ke nan da ta baro Landan. Ta ƙetare Bahar Rum, ta bi kogin Nilu ta ratsa Masar da Sudan, jirgin ya kawo ta har tsakiyar Afirka. Da ta zo sauka a filin Tabora sai jirgin ya bugi ƙasa da ƙarfi, ya kife, ya kakkarye. Ita dai Allah ya yi da sauran kwananta, ta fito da ranta, amma jirgin bai sake tashi da ita ba.

Abin da ya sami wannan baiwar Allah ya sami matuƙa da dama a wancan zamani. Wanda duk ya bi tarihin zuwan jirgin sama nahiyar Afirka zai tarar cewa jiragen farko da yawa a ƙasa suka gamu da ajalinsu, ko dai wajen sauka ko wajen tashi, a filayen da aka share da gatari da fartanya. Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma a sha'anin jirgin sama yadda ƙasar take ita ce ke raba gardama tsakanin isa lafiya da asarar rai. Wannan maƙala za ta duba yadda aka samar da waɗannan filaye, da dalilan da suka sa sauka a kansu ta zama abin fargaba, da wasu daga cikin haɗurran da tarihi ya adana, har zuwa hanyar da ta haɗa Khartum da Kano.

Share filayen farko

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, Ingila ta sami kanta da ɗimbin jirage da matuƙa, ga kuma ƙasashen da take mulka a jere tun daga Masar har Afirka ta Kudu, domin Tanganika ma ta fita daga hannun Jamus ta koma hannunta. Sai tunani ya zo na haɗa Alƙahira da birnin Kef Tawun ta sama. Jiragen lokacin ba su iya doguwar tafiya ba tare da sun sauka sun sha mai ba, ga injinansu na yawan ɓaci. Saboda haka kafin jirgi ɗaya ya tashi, tilas ne a tanadi wuraren sauka a kan hanya. Rundunar sojan sama ta Ingila ta tura ayari uku na masu safiyo, kowane da yankinsa, suka yi shekarar 1919 suna wannan aiki. Kafin shekarar ta ƙare an share filaye fiye da 40, wasu manya masu ajiyar mai, wasu kuwa na saukar gaggawa ne kawai.

Mutanen ƙauyukan da hanyar ta ratsa su ne suka yi aikin da hannuwansu. Su suka sare itatuwa, suka tone kututture, suka cike ramuka, suka kwashe ƙasa da kwanduna a ka. Babban abin da ya fi ba su wuya shi ne suri. A wasu sassan tsakiyar Afirka, kamar yankin Ndola a Zambiya ta yau, suri kan girma ya fi ɗaki tsawo, taurinsa kamar birgi, sai an sa diga kafin a rushe shi. Man jirgin kuwa a cikin garewani ake kai shi, inda babu jirgin ƙasa ko na ruwa 'yan dako ne ke ɗauka a ka.

Share fili ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Ruwa ɗaya ko biyu na damina ya isa ya sa ciyawa ta tashi ta kai gwiwa. Gara kan sake gina surinta cikin 'yan makonni. Dabgi da gyado kan haƙa ramuka da dare, ciyawa ta rufe bakinsu. Shanu kan ratsa filin lokacin da ƙasa take da danshi, sawun kofatonsu ya bushe ya zama kwazazzabai ƙanana masu tauri. Filin da aka ba da rahoton yana da kyau a watan Janairu yana iya zama tarko a watan Afrilu, matuƙin da ke tafe kuma ba shi da hanyar sanin haka sai ya iso. Abin da zai gani daga sama bai wuce da'irar da aka zana da farar ƙasa a tsakiyar fili ba, sai hayaƙin wutar da mai gadi ya hura don nuna masa inda iska ta dosa.

Gwajin shekarar 1920

Da aka sanar da buɗe hanya, jirage da dama suka taso daga Ingila a farkon 1920, kowa na son ya zama na farko. Jaridar The Times ta Landan ta ɗauki nauyin wani jirgi ƙirar Vickers Vimy, a cikinsa har da masanin dabbobi Dokta Peter Chalmers Mitchell. Injinan jirgin sun yi ta zubar da ruwa saboda zafi, aka riƙa saukar dole a hanya, daga ƙarshe ya faɗi a Tabora wajen tashi a ƙarshen watan Fabrairu. Wani jirgin ƙirar Handley Page a arewacin Sudan ya tsaya, ya lalace wajen saukar gaggawa.

Wasu hafsoshi biyu 'yan Afirka ta Kudu, Pierre van Ryneveld da Quintin Brand, su ne suka kai, amma da jirage uku. Sun tashi daga Brooklands a Ingila ranar 4 ga Fabrairu cikin jirgin da suka sa wa suna Silver Queen. Bayan sun bar Alƙahira da dare, ruwan sanyaya inji ya tsiyaye, suka sauka cikin duhu a wajen Korosko, arewa da Wadi Halfa, jirgin ya ci karo da duwatsu ya lalace. Aka ba su wani a Alƙahira, suka ci gaba har Bulawayo a Zimbabuwe ta yau. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,350, suka cika jirgin da mai, da ya zo tashi ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya faɗi. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko musu da jirgi na uku, ƙarami mai inji ɗaya ƙirar DH.9, da shi suka isa Kef Tawun ranar 20 ga Maris. Babu jirgi ko ɗaya da ya tashi daga Ingila a waccan gasa ya kai ƙarshen tafiya.

A cikin wannan wata na Fabrairu ne Faransawa su ma suka gwada ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa kogin Kwara. Janar Henri Laperrine, wanda ya yi shekaru yana yawo a hamada bisa raƙumi, ya shiga wani jirgi ƙirar Breguet 14 daga Tamanrasat ranar 18 ga wata. Jirgin na mutum biyu ne, su kuwa su uku ne, don haka janar ɗin bai sami mazauni mai ɗamara ba. Suka ɓace hanya, mai ya ƙare, matuƙin ya nemi wuri mai kama da shimfiɗa ya sauka a wajajen iyakar Aljeriya da Nijar ta yau. Tayoyin suka nutse cikin rairayi, jirgin ya tuntsura. Matuƙin da makanikin ba su ji ciwo mai tsanani ba, shi kuwa Laperrine ya kakkarye, ya yi jinya a ƙarƙashin fiffiken jirgin har ya rasu ranar 5 ga Maris. Sai bayan kwanaki wani ayarin sojan raƙuma ya tsinci sauran biyun da rai. Abin da ya kashe shi, wato tsayawar taya farat ɗaya a ƙasa mai taushi, shi ne ainihin abin da ke kifar da jirgi a filin ciyawa mai laka.

Abin da ke faruwa a lokacin sauka

Fahimtar waɗannan haɗurra na buƙatar sanin ƙirar jiragen. Jirgin Mary Bailey, DH.60 Moth, kamfanin de Havilland ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1925. Gangar jikinsa katako ne, fukafukansa kuwa katako ne da aka lulluɓe da zane mai kauri. Nauyinsa ba tare da kaya ba bai fi kilo 400 da wani abu ba, ƙarfin injinsa bai kai na dawaki 100 ba. Tayoyi biyu ne a gaba, a wutsiya kuma akwai ɗan ƙarfe mai jan ƙasa. Ba shi da birki. Wannan ɗan ƙarfe shi ke kartar ƙasa ya rage gudu, don haka ciyawa gajera a kan ƙasa mai ɗan taushi ita ce shimfiɗar da ta fi dacewa da shi. Matsala na tasowa ne idan ciyawar ta ɓoye wani abu, ko ƙasar ta sauya hali.

Haɗari na farko shi ne kifewa ta gaba. Cibiyar nauyin irin wannan jirgi tana bayan tayoyin gaba da kaɗan. Idan taya ta faɗa rami, ko ta ci karo da suri, ko ta kafe a laka, ƙafafun sun tsaya ke nan alhali gangar jiki tana nan da gudunta. Sai wutsiya ta ɗaga, farfela ta soki ƙasa ta karye, in gudun ya yi yawa jirgin ya juya ya kwanta rigingine. A jirage irin su Moth tankin mai yana tsakiyar fiffiken sama ne, kusa da kan matuƙi, don haka kifewa na tafe da barazanar gobara.

Na biyu shi ne wulwulawa a ƙasa. Tun da nauyi yana bayan tayoyi, da zarar jirgi ya ɗan karkace daga layinsa sai wutsiya ta nemi ta riga kai wucewa. Iskar da ke bugowa daga gefe, ko taya ɗaya da ta shiga ciyawa mai kauri ɗayar kuma tana kan tsandauri, ya isa ya tayar da wannan juyi. Jirgin sai ya kewaya da ƙarfi, fiffike ɗaya ya daki ƙasa, ƙafa ta ɓalle. Wannan ne ya sa filayen farko a Turai suka kasance masu faɗi ta kowace fuska, domin matuƙi ya fuskanci iska ko daga ina take busowa. Share fili irin wannan a cikin daji aiki ne mai yawa, saboda haka sau da yawa akan wadatu da doguwar shara guda ɗaya, ko biyu a gicciye, matuƙi ya yi haƙuri da iskar da ya tarar.

Na uku shi ne wuce iyakar fili. Ciyawa mai raɓa ko wadda ruwa ya jiƙa tana da santsi. Ƙasar da rani ya ƙona ta yi tauri kuma ba ta barin ƙarfen wutsiya ya kama. Idan matuƙi ya sauko da gudu fiye da kima, ko ya taɓa ƙasa a tsakiyar fili maimakon farkonsa, sai ya ga itatuwan ƙarshen fili na tahowa gare shi, ba shi kuma da abin takawa.

Na huɗu ba a ganinsa da ido, shi ne sirantar iska. Gwargwadon tsayin wuri da zafinsa, gwargwadon yadda iskarsa ke rage kauri. Tabora tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Idan zafin rana ya kai digiri 32 a irin wannan wuri, kaurin iska kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da na bakin teku a Turai. Fiffike na buƙatar ƙarin gudu na kusan kashi ɗaya cikin goma kafin ya ɗauki nauyin da ya saba ɗauka, inji kuma ƙarfinsa ya ragu, farfela ba ta samun abin kamawa sosai. Matuƙin da ya koyi tuƙi a Ingila idonsa ya saba da wani irin gudu a daidai lokacin taɓa ƙasa. In ya rage gudu zuwa abin da idonsa ya saba gani, jirgin sai ya daina shawagi ya faɗo tun yana sama da ƙasa da 'yan mitoci. Ƙari a kan haka, da tsakar rana ƙasa mai zafi kan tura iska sama a wani wuri ta ja ta ƙasa a wani, jirgi mara nauyi ya riƙa tsalle kamar ganye. Wannan ne ya sa gogaggun matuƙa suka koyi tashi da asuba su sauka kafin rana ta take.

Tafiyar Mary Bailey

Mary Bailey 'yar wani basarake ce a ƙasar Ayilan, ta auri Sir Abe Bailey, attajirin ma'adinai na Afirka ta Kudu. Ba ta daɗe da samun lasin tuƙi ba ta zama mace ta farko da ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Ayilan a 1927. Ranar 9 ga Maris 1928 ta tashi daga filin Croydon, an cire mazaunin gaba na jirginta an sa ƙarin tankin mai a wurin. Ta bi ta Faransa da Italiya da tsibirin Malta da gaɓar Libiya har Alƙahira.

A nan hukuma ta tsayar da ita. A watan Disamba na 1927 an kashe wani jami'in mulkin Ingila a ƙasar Nuer da ke kudancin Sudan, Turawa suka mayar da martani da sojoji da ruwan bama-bamai daga sama, yankin bai kwanta ba. Gwamnatin Sudan ta ƙi yarda mace ta ratsa shi ita kaɗai. Sai da Laftanar Richard Bentley, wanda a 1927 ya tuƙa irin wannan jirgi shi kaɗai daga Landan zuwa Kef Tawun, ya yarda ya raka ta da nasa jirgin, kana aka sake ta. Abin da hukuma ta ji wa tsoro bai faru ba. Ta wuce kudancin Sudan lafiya, ta rabu da mai rakiya, sai a filin da ake ganin amintacce ne, a garin da ke da tashar jirgin ƙasa da ofisoshin gwamnati, ta yi haɗari. Tsayin Tabora da zafin iskarta, waɗanda shekara takwas kafin nan suka taimaka wajen kayar da jirgin The Times, su ne ta sauko ta tarar.

Abin da ya bambanta ta da sauran matuƙa shi ne dukiya. Mijinta ya sayi wani Moth, aka tuƙo shi daga Piritoriya aka kawo mata. Ta ci gaba da tafiya ta isa Kef Tawun ranar 30 ga Afrilu. Daga baya ta juyo gida ta wata hanyar da ba a saba bi ba: ta ratsa Kwango, ta bi gefen Sahara na kudu zuwa yamma, ta hau gaɓar Tekun Atilantika, ta ƙetara Sifen da Faransa, ta sauka Croydon ranar 16 ga Janairu 1929. Tafiya da dawowa sun kai kusan kilomita 29,000.

A daidai lokacin da take gangarowa kudu, wata 'yar ƙasarsu, Mary Heath, tana haurawa arewa daga Afirka ta Kudu cikin jirgi ƙirar Avro Avian. Ita kuma zafin rana ne ya buge ta a sama kusa da Bulawayo, ta yi ta maza ta sauke jirgin a cikin ciyawar daji kafin ta suma. Mutanen karkarar ne suka same ta suka yi jinyarta har ta farfaɗo. Ta isa Croydon a watan Mayu. Jaridun Turai sun cika da sunayen waɗannan mata biyu, sunayen waɗanda suka tsamo su daga cikin ciyawa kuwa ba su shiga labari ba.

Daga Khartum zuwa Kano

Hanya ta biyu da ta ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma ta bi sawun tsohuwar hanyar alhazai da ke bi ta Barno da Wadai da Darfur. A ƙarshen watan Oktoba 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka bi ta Wadi Halfa da Khartum da Al'ubayyid da Alfashir, suka ratsa ƙasar Chadi da ke hannun Faransa, suka sauka Maiduguri, suka isa Kano ranar 1 ga Nuwamba, a zamanin Sarkin Kano Usman. Babu filin jirgi a birnin a lokacin, a filin dawaki suka sauka. Dukkan jiragen uku sun koma Masar a cikin watan.

A waccan shekarar ce kuma, a watan Fabrairu, Faransawa suka yi rashi a Yamai. Manyan jirage biyu ƙirar Blériot da suka taso daga Faransa da nufin isa Tafkin Chadi sun ƙetare Sahara lafiya, amma ɗaya ya faɗi yana cikin tashi daga filin Yamai, mai kula da na'urar sadarwa ya rasu, tafiyar ta watse a nan. A ƙasashen da Faransa ta mulka, share filayen sauka da gyaransu na cikin ayyukan tilas da ake ɗora wa talakawa tare da aikin hanya, har zuwa lokacin da aka soke aikin tilas a 1946.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano da jirgi ƙirar DH.86, yana yada zango a Alfashir da Janaina da Fort Lami, wato Njamena ta yau, da Maiduguri, daga baya aka miƙa hanyar zuwa Ikko. Filayen wannan yanki suna da nasu halin. A kewayen Tafkin Chadi da sassan Sudan akwai baƙar laka wadda ke tsattsagewa da rani, in ruwa ya sauka kuma ta zama taɓo mai riƙe taya. Da hunturu hazo kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa rarrabe fili da daji sai ya zo dab da shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da wannan hanya jijiyar yaƙi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, kai jirage Masar ta Bahar Rum ya yi wuya. Sai Ingila ta riƙa kawo su cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lami da Janaina da Khartum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne matakin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya ɗauka a watan Agusta 1940 na bin ɓangaren Janar de Gaulle. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba: jirgi ɗaya ƙirar Blenheim mai ɗauke da masanin hanya, jiragen yaƙi shida ƙirar Hurricane na biye da shi. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Hurricane ta ninka Moth nauyi sau da yawa, gudun saukarta ya fi yawa, amma tsarin ƙafafunta iri ɗaya ne, tayoyi biyu a gaba da ƙarama a wutsiya, don haka kifewa da wulwulawa ba su rabu da ita ba. Yawan zirga-zirgar da asarar jiragen da ake matuƙar buƙata a fagen daga su suka tilasta faɗaɗa filayen da ƙarfafa shimfiɗarsu, aikin da kamfanin Pan American na Amurka ya shigo ciki a 1941. Bunƙasar filin jirgin Kano da na Maiduguri da na Njamena tana da tushe a wannan lokaci.

Bayan yaƙi

Manyan birane sun sami kwalta, amma karkara ta ci gaba da dogaro da ciyawa. Likitoci da 'yan mishan da masu safiyo da masu yawon buɗe ido duk sun koma ga ƙaramin jirgi. Misalin da ya fi shahara a wannan zamani shi ne na marubucin nan na Amurka, Ernest Hemingway, da matarsa, a ƙasar Yuganda a watan Janairu 1954. Ƙaramin jirginsu ƙirar Cessna 180 ya taɓa wata tsohuwar wayar tangaraho kusa da magangarar ruwa ta Murchison, ya yi saukar dole a cikin daji, suka kwana a can. Washegari suka isa Butiaba a bakin Tafkin Albert, suka shiga wani jirgin ƙirar Dragon Rapide da zai kai su Entebbe. Filin ba shi da kyau, jirgin ya yi ta tsalle wajen tashi, ya faɗi ya kama da wuta. Sun tsira, amma Hemingway ya ji munanan raunuka a kai da cikin jiki waɗanda bai gama warkewa daga gare su ba har ƙarshen rayuwarsa. Wasu jaridu har sun riga sun buga labarin mutuwarsa.

Ƙirar jirage ta sauya daga baya. An sa birki a tayoyi, an sa rediyo, kuma jirage irin su Cessna 172 da ya fito a 1956 sun mayar da taya ta uku gaba, ƙarƙashin hanci. Da haka cibiyar nauyi ta koma gaban manyan tayoyi, jirgi ya daina neman juyawa da kansa. Sai dai ita ma tayar hanci siririya ce, in ta faɗa rami ko laka takan karye, shi ya sa masu aiki a daji da yawa suka ci gaba da fifita tsohon tsari. Ƙa'idojin da matuƙan daji ke bi a yau daga waɗancan haɗurra aka tsamo su: a yi shawagi ƙasa-ƙasa bisa fili a duba shi a kori dabbobi kafin a sauka, a lissafa tsayin wuri da zafin rana kafin a ɗora kaya, a tambayi wanda ke ƙasa ko an yi ruwa, in kuma saukar ba ta daidaita ba a ƙara wuta a sake kewayowa.

Kammalawa

Tarihin da aka saba rubutawa ya fi mayar da hankali ga matuƙa da lambobin girman da suka samu. Van Ryneveld da Brand an ba su sarautar Sir, Mary Bailey ma ta sami irin wannan girmamawa a 1930. Amma bin haɗurran ɗaya bayan ɗaya, daga Korosko zuwa Tabora, daga Bulawayo zuwa Butiaba, na nuna cewa ƙwarewar matuƙi da ingancin inji rabin lamarin ne kawai. Sauran rabin yana ga 'yan mitocin ƙasar da taya za ta taka, da kuma mutanen da suka rushe surin, suka yanke ciyawar, suka kore shanun, suka hura wutar da ke nuna iska. Har yau akwai garuruwa a Chadi da Sudan ta Kudu da Kwango waɗanda da damina mota ba ta isa gare su, mara lafiya da magani da ma'aikacin agaji duk ta filin ciyawa suke shiga da fita. A irin waɗannan wurare, kafin jirgi ya iso, wani daga cikin mutanen gari ne ke bin filin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan yana duba rami da suri, kamar yadda aka yi a 1919.